Mabiyiyar Ummi

Na san abin da kuke faɗa idan na tashi na shiga ɗaki. Kunnena ya yi nauyi amma bai mutu ba, kuma bulon gidajen Gwallameji ba ya riƙe sirri. Kuna cewa taurin kaina ne ya raba mu da Ummi, wai da na buɗe baki na faɗi magana ɗaya a zauren Baffa Sule, da yanzu jikata tana nan tana yi mini ɓarna a tsakar gida. Kai Nasiru har a gabana ka taɓa faɗa, ranar Babbar Sallah, bakinka cike da naman da na soya. Ban tanka maka ba don ranar ba ta faɗa ba ce. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, zan rubuta muku yadda abin ya gudana a shekarar da Yayarku ta rasu, kada ku gaji labarin daga bakin waɗanda ba sa wurin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ku sani tun daga nan, ba gafara na zo nema ba.

Kun san ban taɓa kiran sunan Yayarku ba. 'Yar fari ce, kuma mu a yadda aka rene mu, uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. “Ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan”, har ta gama karatu, ta zama malamar makaranta kamar ni, ta kawo Kabiru da kanta ta ce shi take so. Ɗan gidan masu atamfa ne a Kasuwar Muda Lawal, mutanen cikin gari, yaro mai sanyin hali. A lokacin na ɗauki sanyin nan a matsayin alheri. Ita kuwa ba ta da ƙawar da ta wuce Rifkatu, 'yar Baba Yohanna, maƙwabtanmu tun muna gidajen malamai. Mutanen kudancin jiha ne, Kiristoci. Da Kirsimeti shinkafarsu ta shigo mana, da Sallah namanmu ya shiga musu, yaran biyu kuma a kwano ɗaya suka girma, a bulala ɗaya ma, don ban taɓa dukan ɗaya na bar ɗaya ba. Rifkatu ta yi nisa a karatu har ta zama Dakta, amma ba likitan allura ba. Aikinta a wani ɗakin bincike yake a Yelwa, kuma abin da take bincike a kai, ku yi mini uzuri, mabiyiya ce, wato naman nan da ke biyo jariri bayan haihuwa.

Wata rana da la'asar, cikin Yayarku ya tsufa, suka zo mini su biyu. Ina tsinkar zogale, ita ta ɗora ƙafafunta a kan kujera 'yar tsugune, sun kumbura har silifas ba ya shiga. Na tsokani Rifkatu kamar yadda na saba.

“Ke dai Allah ya shirye ki. Duk karatun duniya ki rasa abin dubawa sai abin da tsofaffi ke binnewa a bayan ɗaki?”

Ta yi dariya, ta ja tiren zogalen gabanta tana taya ni.

“Mama, kin san jijjiga, wadda ke kama masu ciki su faɗi suna taune harshe? Daga nan take tasowa. Tun ciki yana ƙarami, akwai wasu ƙwayoyin halitta, ƙanana ne ido ba ya ganinsu, da ke fita daga mabiyiya su kutsa bangon mahaifa kamar saiwa. Aikinsu su buɗa jijiyoyin uwa don jini ya isa ga ɗa. A wasu matan sai su tsaya a hanya, ba sa shiga da zurfi. Mabiyiya ta ji yunwa, ta riƙa sakin wasu abubuwa cikin jinin uwa, jini ya hau. In ba a tare ba, sai jijjiga.”

“To tunda kun san haka, me ya hana ku maganinta?”

“Ba mu san abin da ke tsayar da su ba, Mama. Amma yanzu an samu hanyar da za a ɗebi kaɗan daga mabiyiya a rene su a ɗan faranti, su ci gaba da rayuwa muna kallon halinsu. Na matanmu na nan nake so na gani.”

Sai Yayarku ta sa baki, tana matsa goshinta don tun ranar take kukan ciwon kai.

“Inna, na ce mata ta ɗiba a tawa. Abin da ƙasa za ta cinye.”

“Gidan mijinki fa? Kin san surukarki.”

“Na gaya wa Kabiru, ya ce ba komai. Ɗan kaɗan ne, bai fi ɓarin goro ba.”

Na ce musu su dai ba sa rabo da neman magana, muka ci gaba da tsinkar zogale. Yayarku tana zuwa awo, an ce mata jininta ya ɗan hau, an ba ta magani. Ni kuwa hankalina yana kan wankan jego, tunda haihuwar fari gida ake zuwa. Na sa an sauke mini itace a bakin ƙofa, na aro babbar tukunya, na tanadi kanwa da gero na kunu, na gyara ɗakin da kuke ajiye tarkace a ciki yanzu.

Wata rana da safe Kabiru ya kira ni, wai Yayarku ta faɗi tana karyawa. Kafin a kai ta asibiti an ɗan ɗauki lokaci, domin mahaifiyarsa, Hajiya Dudu, ta zaci iska ce, aka tsaya hayaƙi da tofi. Ban riƙe ta da wannan ba, abin da ta sani ke nan, kuma ni ma a gidan da na tashi haka za a yi. Da na isa an riga an shiga da ita tiyata. Aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ƙarfin kuka. Uwar kuwa aka fito da ita ba ta san inda kanta yake ba, fuskar ta kumbura, harshen duk ta taune. Ina tsaye a baranda sai ga Rifkatu, idanunta jawur, riƙe da 'yar kula mai ƙanƙara. Ta durƙusa a gabana.

“Mama, ta riga ta yarda tun tana da lafiya, amma yanzu ba ta iya magana. Idan kin ce a bari, wallahi na bari, kuma ba zan ƙara tada zancen ba.”

Na waiwaya na ga Kabiru zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Na ce masa ya ji abin da ake tambaya, matarsa ce, 'yarsa ce.

“Na sani, Inna, ta gaya mini. A yi yadda ta ce.”

Na ce wa Rifkatu ta je ta ɗiba. Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma da hasken rana aka yi shi, a gaban mijinta.

Ku 'yan yanzu ba ku san yadda ake yi da mabiyiya ba, ganinku leda ce kawai ake miƙo wa tsohuwa. A gidajen cikin gari babbar mace ce ke karɓarta. Za ta wanke ta tas, ta juya ta ciki da baya ta tabbata ta fito cif, ta naɗe a tsumma mai tsabta, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne da igiyar cibiya tana kallon sama. Tsofaffi na cewa abokiyar tafiyar jariri ce, in aka wulaƙanta ta uwa ba ta ƙara haihuwa, ko ɗan ya tashi ba natsuwa. Hajiya Dudu ce ta wanke ta Ummi. Macen da ta wanke mabiyiyar jikoki da yawa ba za ta kasa gane wurin da wuƙa ta bi ba. Ta gani, ta binne, a ranar ba ta ce wa kowa komai ba. Washegari da hantsi Yayarku ta cika, ba ta farfaɗo ba, ba ta ga abin da ta haifa ba. Ko a nan ban yi kuka a gaban mutane ba, saboda karar nan ta 'yar fari. Na shiga banɗakin asibiti na toshe bakina da mayafi.

A zaman makoki na fara jin sauyi. Matar da ta zo gaishe ni sai ta zauna nesa da tabarmata. Ana ƙus-ƙus, in na ɗaga kai a yi shiru. Kafin sadakar uku magana ta gama unguwa: an yanki naman jikin mai jego an ba wata, an tafi da shi cikin ƙanƙara, kuma ruwa ba ya tsami banza, ga shi kwana ɗaya ta mutu. Wasu suka ce tsafi, wasu suka ce Turai za a kai. Game da Rifkatu kuwa sun yi amfani da kalmar da ba zan rubuta ba. Yarinyar da ta yi ta zarya da abinci gidan su Kabiru tun ana amarci, ranar da ta zo ta'aziyya aka tare ta a ƙofa. An raɗa wa jaririya sunan uwarta, ana kiranta Ummi. Bayan suna na aika a kawo mini ita kamar yadda aka saba idan uwa ta rasu, tunda ga ɗaki na gyara. Aka ce na zo da kaina, Baffa Sule yana son ganina.

Baffa Sule wan mahaifin Kabiru ne, shi ne babban gidan. Dattijo ne mai karatu, kuma ba zan ce mugu ba ne. Na same shi a zaure, Hajiya Dudu daga gefe da jaririya a cinya, Kabiru a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa da addu'a ya gyara murya.

“Malama, ni na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban yarda ɗan nama ya kashe mutum ba. Amma gida ya ɗau zafi, bakin mutane kuma sai an ba shi abin da zai tauna. Ga mafita mai sauƙi. Ki faɗa a gaban matan gidan nan cewa yarinyar can ta yaudare ki, kina cikin ruɗu, ba ki san abin da za ta yi ba. Shi ke nan, laifi ya koma inda ya fito, ki ɗauki jikarki ki tafi da ita yau.”

Hajiya Dudu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ni da hannuna na wanke ta. An yanka. Ban taɓa binne ragaggiya ba sai a kan matar ɗana.”

Na dubi jaririyar. Tana barci, ta dunƙule hannu a gefen kunne, yadda uwarta take yi. Kada ku zaci ban so na faɗa ba. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, kuma gajeriya ce, ba ta kai tsawon sallama ba. Amma na san garin nan. Na san abin da ke biyo baya idan aka ce wata Kirista ta yaudari tsohuwa ta yanki naman Musulma a asibiti, kuma uwar mamaciyar ce da bakinta ta shaida. Ba a zaure maganar za ta tsaya ba. Baba Yohanna da matarsa suna nan a gidansu mai ƙofar langa-langa, kowa ya san hanyar. Bayan haka kuma ƙarya ce, ƙarya a kan yarinyar da ta durƙusa ta ba ni zaɓi, da kuma a kan wadda ke kabari, wadda ta yanke shawararta da hankalinta.

“Alhaji, ba ta yaudare ni ba. Marigayiya ce ta yi alkawari, ni na cika mata. Ga mijinta nan, a gabansa aka yi, a tambaye shi.”

Kowa ya juya ga Kabiru. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Baffa Sule ya kira sunansa, ya sake kira.

“Ni a ranar ba na cikin hayyacina, Baffa. Ban san me aka ce ba.”

A nan na gane cewa sanyin hali wani lokaci tsoro ne kawai ya sa riga. Hajiya Dudu ta miƙe da jaririyar ta shige cikin gida. Ko taɓa ta ban yi ba. Na hau keke mai ƙafa uku na dawo Gwallameji, na tarar da itacen wanka a jibge a bakin ƙofa. Damina biyu ya yi a wurin yana ruɓewa, na hana kowa ya ɗauki ko ƙirare.

Bayan 'yan makonni Rifkatu ta aiko a ce mini tana jin kunyar zuwa. Na ce in ita ba za ta zo ba ni zan je, na ga abin da aka raba ni da jikata a kansa. Na same ta a Yelwa, a wani ɗaki mai sanyi, janareta yana ta ruri a baya don kada wuta ta ɗauke musu. Ta rame. Tana ganina ta fashe da kuka.

“Mama, na ji abin da suka nema. Ki koma ki ce ni ce. Zan nemi canjin wurin aiki, na kwashe su Baba mu bar garin. Ki karɓo Ummi.”

“Rufe mini baki. Ni na rene ki, ban koya miki ƙarya ba, ba kuma za ki koya mini da tsufana ba. Nuna mini abin.”

Ta sa na wanke hannu, ta buɗe wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum, ta ciro ɗan faranti da ruwa ja-ja a ciki, ta ɗora a ƙarƙashin madubin likita. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Ta murɗa wani abu, sai ga su: 'yan dunƙule-dunƙule masu haske, manne da juna kamar ƙwan kwaɗi a bakin rafi. Ta ce suna da rai, suna ci, suna rabuwa biyu. Mun binne Yayarku, ƙasa ta rufe, ga shi kuma wani abu nata yana motsi a faranti. Na ce, a hankali, ashe yarinyar nan ba ta tafi duka ba.

Da wata ce da ta bar ni da wannan, ai ba laifi a bar tsohuwa da abin da zai sanyaya mata rai. Amma Rifkatu ba ta iya ba.

“Mama, ba nata ba ne. Mabiyiya ba jikin uwa ba ce, daga ɗa take. Ƙwan da ya zama jariri shi ne ya zama ita. Waɗannan na Ummi ne.”

Na sake sa ido. Wato jikar da aka hana ni taɓawa, ga ta nan a gabana, a ƙarƙashin gilashi, kuma nan ne kaɗai aka bar ni na kalle ta son raina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a sunkuye ba, sai da wuyana ya ƙage. Da na ɗago na tambaye ta, to ita fa, ba abin da ya rage nata ke nan a duniya?

“Akwai, Mama. Masu bincike sun gano cewa lokacin ciki wasu ƙwayoyin ɗa suna ratsawa su shiga jinin uwa, su samu wuri su zauna, shekara da shekaru. In kina neman abin da ya rage nata, a jikinki ya fi kusa.”

Shekara talatin da wani abu ina yi wa yarinyar nan kara, ba na kiran sunanta, ba na rungumarta a gaban mutane, ashe tana nan cikin jinina ban sani ba. A ɗakin nan na yi kukan da ban yi a makoki ba, a gaban ɗalibai da kowa, ban rufe fuska ba.

Kada ku zaci labarin ya ƙare da magani. Har yau ba su gano abin da ke tsayar da ƙwayoyin nan a hanya ba. Rifkatu tana nan tana fama, ta yi furfura a gefen kai, kuma duk lokacin da na tambaye ta sai ta ce da saura. Na Ummi ma sun daɗe da ƙarewa a farantin. Abin da na samu a madadin jikata shi ne magana ɗaya da Rifkatu ta gaya mini a ranar, tana raka ni bakin titi. Ta ce 'yar da aka haifa cikin jijjiga, idan ta girma ta ɗauki ciki, ta fi sauran mata kusa da ita, don haka dole a sa mata ido tun daga watannin farko, a riƙa auna jininta, kuma ciwon kai ko kumburi ba abin jira ba ne.

Bara na ga Ummi a Muda Lawal, a layin 'yan atamfa. Kabiru ne riƙe da hannunta, da kayan Islamiyya a jikinta, haƙoran gaba sun faɗi. Goshin uwarta ne sak. Ya gan ni, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ce mata ta gaida Hajiya. Ta ɗan rusuna.

“Ina wuni, Hajiya.”

Na amsa, na ce Allah ya yi mata albarka. Duk tsokanar da na tanada ta kaka da jika, ko ɗaya ba ta fito ba. Da ta juya tana kallon mai balan-balan, Kabiru ya matso ya ce na yafe masa. Na ce yafiya mai sauƙi ce, na yafe, amma me suka gaya wa yarinyar ya kashe uwarta? Ya ce a gida dai ana cewa sammu ne. Ya ja hannunta suka shige cikin mutane.

To kun ji abin da ya sa na ɗauki biro. A gidan da take, za ta tashi da labarin cewa an yanki naman uwarta an yi mata asiri. Da na faɗi abin da Baffa Sule ya nema, da ni ma na sa hannu a wannan labarin, kuma ranar da kanta ya fara ciwo da ciki, hayaƙi za a kunna mata. Ba zan kai lokacin ba, na sani. Ku za ku kai. Ban ce ku je ku ba kowa haƙuri da sunana ba, kuma wanda ya yi hakan bayan raina ban yafe ba. Abin da na ɗora muku shi ne, ranar da kuka ji an ɗaura wa Ummi aure, ko an gayyace ku ko ba a gayyace ku ba, ɗayanku ya je ya same ta. Kai Nasiru, tunda kai ne mai baki, kai za ka je. Ka gaya mata ciwon da ya kashe uwarta yana da suna, jijjiga, kuma da awon hawan jini a dantse ake gane shi tun bai zo ba. Ka gaya mata kakarta ta gan ta sau ɗaya tana jaririya, sau ɗaya a faranti, sau ɗaya a kasuwa, kuma ba don ba ta sonta ta bar ta ba.

In ta tambayi wace ce uwarta, kada ka ce Yaya, kada ka ce marigayiya. Ga shi na rubuta da hannuna, abin da bakina bai taɓa faɗa ba: sunanta Sa'adatu, 'yata ce.